Sharhi: Buɗaɗɗun manhajoji da tambayar da ya kamata bincike ya fara amsawa

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS a watan Satumban 2025, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira mai aiki da Hausa, Yarbanci, Igbo da Turancin Najeriya, batun buɗaɗɗiyar fasaha ya ƙara shiga bakin jami'ai. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, domin kowa ya duba, ya gyara, ya yi amfani da ita ba tare da sayen lasisi ba. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne inda ɗan kuɗin binciken da ake da shi zai fara zuwa.

Najeriya ta daɗe tana dogaro da irin waɗannan manhajoji. DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, ita ke tattara alƙaluman cibiyoyin lafiya na ƙasar nan. SORMAS kuwa ta samo asali ne daga annobar Ebola ta 2014, da haɗin gwiwar masana na Najeriya da Jamus, kuma hukumar NCDC ta yi aiki da ita lokacin korona. Ke nan tambayar farko ita ce: buɗaɗɗun manhajoji nawa ma'aikatunmu ke amfani da su, wa ke kula da su, kuma me zai faru ranar da tallafin ƙetare ya tsaya?

Duniya ta riga ta ga illar sakaci da wannan. A Disamban 2021 an gano ɓaraka a Log4j, wani ƙaramin sashe da ke cikin ɗimbin manhajoji, wanda 'yan sa-kai ƙalilan ke kula da shi. Hukumomi da dama sun ɓata makonni suna neman sanin ko suna da shi ma. A Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya bankaɗo ƙofar ɓoye da aka dasa a XZ Utils bayan an yaudari mai kula da ita da aiki ya yi wa yawa. Jamus ta kafa asusu a 2022 don biyan masu wannan aiki na gyara da kulawa.

Aiki ne marar armashi, ba a yanka masa kintinkiri, shi ya sa yake ƙarshen layi. Amma NITDA na da hurumin umartar ma'aikatu su lissafa abin da suke amfani da shi, TETFund kuma na iya ware wa jami'o'i tallafin bincike kan tsaron waɗannan manhajoji da ainihin kuɗin riƙe su, domin rashin sayen lasisi ba ya nufin kyauta. Akwai albashin injiniyoyi, da horo, da wurin adana bayanai, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan marasa lafiya a kan hukumar da ta tattara su, ko da wani ne a Oslo ya rubuta manhajar.