Ina Fim Ɗin Masu Muryar?

Tun zamanin Sangaya, da wuya ka kalli fim ɗin soyayya na Hausa ba ka ci karo da waƙa uku ko huɗu ba. Jarumi da jaruma ke motsa baki, amma muryar ta wasu ce, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Fati Nijar. Har a Ribah, can ƙasar Zuru, waƙoƙin nan ake turawa a shagon cajin waya, su ake sawa a gidan biki. To me ya sa labarin waɗanda ke cikin situdiyon bai dami marubutanmu ba?

Wasu sun yi nasu. A 1973 Indiyawa suka fito da Abhimaan, inda Amitabh Bachchan ya fito a mawaƙin da kishi ya cinye shi don muryar matarsa ta fi tasa karɓuwa. A 2017 Terrence Malick na Amurka ya yi Song to Song a birnin Austin, kan budurwa mai kiɗa da ta shiga tsakanin wani mawaƙi da attajirin furodusa. Labarin a warwatse yake, maganar zuci ta fi hira yawa, har wasu suka ce bai da kai bai da gindi. Amma ya nuna abu guda: mai riƙe da kuɗin waƙa yakan so ya riƙe zuciyar mai rera ta.

Mu kuwa namu labarin ya fi wannan ɗaci. Dakarkari suna da al'adar golmo, inda saurayi ke yi wa surukansa noma shekara bakwai, kowa ya san ranar da zai gama, kowa ya san ladansa. Yanzu a ɗauko yaro ko yarinya daga Ribah, da murya mai zaƙi, a kai su situdiyo a Kano. Za su yi shekaru suna amshi, ba takarda, ba wa'adi, sai "za a sa ki a gaba" daga bakin mai gida wanda watakila shi ma son ta yake. Idan soyayyar ta watse, waƙar ta wa ce? Idan magana ta tashi kuma, wa ke kwana a ciki? A 2016 MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar ClassiQ, kuma sunanta ne ya fi yawo a bakin jama'a.

Don haka ina kira ga marubutanmu, a ɗan huta da 'yar Alhaji da ɗan talaka. A rubuta mana wannan, ko da babu aure a ƙarshe. Iyaye za su gane inda 'ya'yansu ke zuwa, masu murya kuma su koyi neman takarda kafin su buɗe baki.

Allah Ya sa mu dace.