KAFIN A BUSA USUR, A DAINA CINIKIN BIRI A SAMA

'Yan'uwa mazauna, na Kumasi da na Nima, na Maraɗi da na Damagaram, da duk wanda neman abinci ya zaunar da shi a Nijeriya. Yau da maganar ƙwallo na zo muku. Gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2027 ƙasashe uku ne aka ba su ɗauki nauyinta, wato Kenya da Uganda da Tanzaniya, amma mu nan Kasuwar Muda Lawal a Bauchi tuni mun gama raba kofi. Daga 'yan tumatir zuwa 'yan doya, daga 'yan gwanjo zuwa masu turin baro, kowa ka taɓa sai ya lissafa maka sunayen 'yan wasa da kulob ɗin da suke bugawa a Turai, sannan ya ce ai magana ta ƙare.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, waɗannan mutane su ne ba ka isa ka cuce su a ciniki ba. Ɗan tumatir ba ya sayen kwando don manyan da aka jera a sama. Sai ya zura hannu ya taɓa na ƙasa, ya tambayi daga ina mota ta taso, kwana nawa ta yi a hanya, sannan ya taya. Ɗan gwanjo ma ya san rubutun da ke jikin dila daban, abin da ke ciki daban. To amma da zarar an zo kan ƙwallo, sai duk wannan wayon ya gudu, mu koma cinikin biri a sama. Ra'ayina shi ne mu riƙa taya ƙungiyoyinmu kamar yadda muke taya kaya, domin burin da ba a auna ba shi ne ke komawa zagi da asarar kuɗi da ɓacin zumunci, kuma mu baƙi mu ne muka fi kowa kusa da wannan wuta.

Bari mu fara da sunan da muke ambata kullum idan za mu hau Keke Napep. Duk tsohon mai son ƙwallo idan ya ji an ce Muda Lawal, marigayi Mudashiru Lawal yake tunawa, ɗan wasan tsakiya haifaffen Abeokuta, wanda ya yi tashe a Shooting Stars ta Ibadan, ya kuma rasu a 1991. Shi ne ya zura ƙwallo ta uku a ragar Aljeriya ranar 22 ga Maris 1980 a Legas, bayan biyun da Segun Odegbami ya ci, ranar da Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka na farko a gaban Shugaba Shehu Shagari. Abin da matasa ba su cika sani ba shi ne, wannan kofi bai faɗo daga sama ba. Muda da abokansa sun je gasar 1976 sun zo na uku, sun koma ta 1978 sun sake zuwa na uku, sai a karo na uku suka dace. Shekaru suka yi suna cin tuwo a kwano ɗaya kafin kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya a fili.

Kofi na biyu ma haka ya zo. An ɗauko Clemens Westerhof a 1989, ya kai Nijeriya wasan ƙarshe a 1990 aka doke shi, ya zo na uku a 1992, sai a 1994 a Tunisiya ya ɗauko kofi. Da a yau ne, da tun a 1990 mun nemi a kore shi. Kofi na uku kuwa, a 2013, ya zo ne a lokacin da kusan babu wanda ya sa rai. Marigayi Stephen Keshi ya ajiye wasu manyan sunaye, ya ɗebi yaran gida, aka yi ta yi masa dariya. Ƙarshenta Sunday Mba, ɗan wasan da ke bugawa a nan gida, shi ya ci Kwaddibuwa ta su Drogba, shi kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Bayan wannan nasara sai kai ya kumbura, rigima ta shiga hukumar ƙwallo, Nijeriya ta kasa zuwa gasar 2015 da ta 2017.

Yanzu mai karatu ya kwatanta wancan da abin da muka gani daga baya. An sallami Gernot Rohr a Disamban 2021, saura 'yan makonni a fara gasa. Daga nan Augustine Eguavoen ya riƙe, sai Jose Peseiro, sai Finidi George, sai Eguavoen ya sake dawowa, sannan aka naɗa Eric Chelle a Janairun 2025. A cikin wannan tsakanin Nijeriya ta samu gwarzon ɗan wasan Afirka sau biyu a jere, Victor Osimhen a 2023, Ademola Lookman a 2024. Saman kwando ke nan. Ƙasan kwando kuwa, a wasanni huɗu na farko na neman gurbin kofin duniya na 2026, an yi kunnen doki da Lesotho da Zimbabwe da Afirka ta Kudu, sannan Jamhuriyar Benin, wadda Rohr ɗin da aka kora ke horarwa, ta doke mu da ci 2 da 1. Maki 3 cikin 12. Da aka lallaɓa aka kai wasan cike gurbi a Maroko a Nuwamban 2025, sai 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus, kwana biyu kacal kafin karawa da Gabon. An ci Gabon, amma Kongo ta fitar da Nijeriya a bugun fenariti. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan zagayen dai ƙasar Kep Bad, wadda yawan mutanenta bai kai na birnin Kano ba ko kusa, ta samu gurbi a gaban Kamaru.

Kada 'yan'uwana na Ghana su yi dariya, domin ni ma haifaffen zangon Kumasi ne, kuma na san ciwonmu. Kofi huɗu muke tinƙaho da su, amma na ƙarshe tun 1982 ne a Libiya. A gasar da aka yi a Kamaru a 2022, Komoros ce ta kore mu da ci 3 da 2. A Kwaddibuwa a 2024 ma ba mu wuce rukuni ba. Gasar 2025 kuwa ko zuwa ba mu yi ba, mun ƙare a ƙasan rukuni babu nasara ko ɗaya, kuma 'yan'uwanmu na Nijar ne suka bi mu har Accra suka ba mu kashi da ci 2 da 1 a Nuwamban 2024, alhali muna da irin su Mohammed Kudus ɗan Nima. Mutanen Nijar kuwa suna da labarin da ya kamata kowane mai baki ya riƙe. A Oktoban 2011 'yan Afirka ta Kudu sun yi ta rawa a fili suna murnar sun samu gurbin gasar 2012, ashe ba su karanta ƙa'idar lissafin maki da kyau ba, Mena ta Nijar ce ta haye, karo na farko a tarihinta. Wanda ya yi rawa kafin ya ƙirga kuɗinsa, haka yake ƙarewa.

To me ya sa na damu, tun da wasa ne? Domin na ga abin da buri marar lissafi ke haifarwa. Idan aka sa wa rai dole sai kofi, ranar da aka faɗi sai a nemi wanda za a ɗora wa laifi, kuma galibi a bar jaki a koma dukan taiki. A 2010 a Afirka ta Kudu, Sani Kaita ɗan Kano ya karɓi jan kati a wasa da Girka muna gaba da ci ɗaya, aka juyo aka ci mu biyu. Yaron nan har barazanar kisa ya sha, shugaban ƙasa na lokacin kuma ya dakatar da ƙungiyar baki ɗaya na shekara biyu, sai da FIFA ta zare ido ya janye. A 2022 a Garwa, bayan an cinye wasanni uku na rukuni an fara rabon kofi a baki, Tunisiya ta ci ɗaya mai ban haushi, mai tsaron gida Maduka Okoye ya sha irin wannan barazana. A 2024 kuwa, ƙungiyar da aka raina ta kai har wasan ƙarshe a Abidjan, amma maimakon a ce sannu, sai aka yi wa Alex Iwobi rubdugu a intanet har ya goge hotunansa. A wasan kusa da na ƙarshe na wannan gasa da Afirka ta Kudu, mutane da dama sun yanke jiki sun mutu suna kallo, cikinsu har da tsohon ɗan majalisar wakilai Cairo Ojougboh.

Sannan ga caca, wadda ta shigo har cikin wayar yaran shago. Yaron da ya yarda cewa ƙungiyarsa ba za ta taɓa faɗuwa ba, shi ne yake ɗaukar cinikin yini na maigidansa ya zuba, da niyyar gobe ya mayar har da riba. Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san yadda irin wannan labarin ke ƙarewa: jari ya karye, amana ta tafi, a kai ƙara wajen shugabannin layi.

Mu mazauna kuma muna da namu ƙarin nauyin, domin zuciya biyu gare mu. Ku tuna Maris na 2022, lokacin da Ghana da Nijeriya suka yi canjaras a filin Baba Yara na Kumasi, aka dawo Abuja aka tashi ɗaya da ɗaya, ƙwallon Thomas Partey ta kai Ghana Ƙatar. 'Yan kallo suka afka cikin fili suka yi ta farfasa kaya, har FIFA ta ci tarar Nijeriya. A daren nan ni dai a cikin ɗaki na yi murnata, washegari na fito kasuwa na yi wa maƙwabtana jaje, suka tsokane ni na tsokane su, muka sha shayi tare. Ba tsoro ba ne, sanin ya-kamata ne. Iyayenmu sun ga korar baƙi daga Ghana a 1969, yayyenmu sun ga ta Nijeriya a 1983, sun san cewa zaman baƙo da ɗan gari abu ne da ake lallaɓawa. Mutumin da ya ba ka rumfa, ya ba ka bashi, wataƙila ma ya ba ka 'ya, bai kamata minti 90 su sa ka gaya masa maganar da za ta zauna masa a rai shekara goma ba. Haka shi ma ɗan gari, kada ya huce haushin hukumar ƙwallonsa a kan mai shayi ɗan Tawa ko tela ɗan Kumasi.

Na san wani zai ce, Malam, idan ka cire sa rai daga ƙwallo me ya rage? Gaskiya ne. Talaka da ya wuni yana fama da tsadar masara da kuɗin mota, yana da haƙƙin ya biya kuɗin gidan kallo ya yi mafarki na sa'a biyu. Ni ma ranar wasa ba na iya cin abinci sai an tashi. Ban ce a daina fata ba. Cewa na yi fata daban, bashi daban. Ɗan kasuwa yana fatan riba kullum, amma ba ya rantsuwa a kan kayan da ba su iso ba.

Ga yadda nake taya ƙungiyoyin nan uku, idan Allah Ya sa duk sun samu gurbi. Nijeriya ta zo ta uku a Masar a 2019, ta biyu a Kwaddibuwa a 2024, ta sake zuwa ta uku a gasar Maroko da aka kammala a Janairun 2026. Saboda haka wanda ya sa ran ganinta cikin huɗun ƙarshe bai yi zalama ba, tana da masu cin ƙwallo da kowace ƙasa ke shakka. Amma daga nan zuwa kofi akwai Maroko da Senegal da Masar da Kwaddibuwa da Aljeriya a hanya, kuma bugun fenariti ba ya sanin ɗan wa kake. Ghana kuwa, a gasar Afirka, abin da za mu fara nema shi ne ta je, ta kuma tsallake rukuni, abin da rabonta da yi tun 2019. Nijar, wadda sau biyu ta taɓa zuwa, 2012 da 2013, zuwan kansa abin a yanka rago ne.

Kafin kowa ya buɗe baki ya yi alkawarin kofi, ya tambayi abu uku. Shekara nawa kocin ya yi da yaran nan? An biya su haƙƙinsu kafin a shiga jirgi, ko sai an je otal za a fara rigima? Wasa nawa suka buga tare, kuma yaya suka yi da ƙananan ƙasashe a filin da babu daɗi? Amsar waɗannan ita ce ƙasan kwando. Kuma idan muna son ƙasan kwandon ya yi kyau, to mu riƙa leƙa filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan kusa da mu, wanda ya karɓi wasannin matasa na duniya a 1999 da 2009, mu ga Wikki Tourists da yaran unguwa. Irin su Sunday Mba daga irin waɗannan filaye suke fitowa, ba daga akwatin talabijin ba.

Iyaye da iyayen gida, a sa ido kan wayar yara da aljihun shago idan gasa ta matso. Masu hawan jini a sha magani kafin a zauna kallo. Wanda ƙasarsa ta ci ya yi murna daidai misali, wanda aka ci ya yi haƙuri, domin da asuba motar kaya za ta iso, kuma tare za mu sauke ta. Allah Ya bar zumunci, Ya ba mai rabo sa'a. Sai wani jiƙon.