BA ƘADDARA BA CE, RUƁAƁƁEN KATAKO NE!

'Yan'uwa na rassan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ku karanta wannan a taron kwamiti, ku karanta wa wanda bai yi lakwal ba.

In lebura ya faɗo daga kan bene, sai ɗan kwangila ya ce ƙaddara ce, ya miƙa kuɗin likkafani ko na mai ɗori, gobe ya ɗauki wani a bakin kasuwa. To, muna tambaya: wa ya sayo katakon da ya karye? Wa ya ɗaure dandamali da tsohuwar igiya? Wa ya ƙi kafa makari a bakin bene? Wa ya sa yaro hawan tsani da kwanon siminti a ka, cikin ranar watan Afrilu? Rowa ce ta jefo shi.

Kakanninmu sun gina wa Nasara bariki da aikin tilas, har aka soke shi ran 11 ga Afrilu 1946. Ran 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan Afirka ta Yamma ta Faransa suka yi yajin aiki, ran 15 ga Disamba aka ba da dokar aiki. A 1957 aka fito da dokar diyyar haɗarin aiki. Da gumi aka ƙwato su ɗaya bayan ɗaya. Yau muna da asusun CNSS tun 1965, da dokar aiki ta 2012. Amma doka tana bin wanda aka rubuta sunansa. Leburan yini ba shi cikin rajista. In ƙashin bayansa ya karye, sai a ce ba a san shi ba, matarsa ta sayar da akuya, gona ta kwana ba noma.

Ga aikin kowane reshe. Ku rubuta sunan duk ɗan garinku da ya tafi aikin gini, da sunan wanda ya ɗauke shi. In an yi haɗari, ku samo shaidu biyu da takardar likita, ku raka iyalinsa wurin sufeton aiki a ranar. Magina kuwa, ku haɗa baki: ba makari, ba igiyar ɗamara, ba hular kwano, ba mai hawa. Mutum ɗaya ake kora, ba a korar duka.

Wanda ya ci ribar bene, shi zai biya jinin da ya zuba ƙarƙashinsa!