Martani: Yaron Sahuda Wasa Ya Biya

Mai sharhin da ya rubuta cewa masu tsallake labari a wasan bidiyo marasa haƙuri ne, da alama ba a ɗauke wuta a gidansa.

Ya leƙa Sahuda, bakin iyakar Kamaru. Yaro ya biya kuɗin lokaci a shagon wasan bidiyo, abokai na bayansa suna jiran layi, janareta na shan man da ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi a 2023. Sai a ce ya naɗe hannu ya kalli fim da Turanci?

Metal Gear Solid 4 na Hideo Kojima, wanda ya fito a 2008, labarin ƙarshensa kaɗai ya haura awa guda. Mai son kallo, ga Kannywood nan. Yaron nan yana da gaskiya in ya danna ya wuce.