RUWAN KOGI DA RUWAN RIJIYA UWARSU ƊAYA

Zuwa ga manoma da dagatai na ƙasar Haɗeja, da Nguru, da Gashuwa, da dukan masu noman fadama.

In fari ya sauka a ƙasa, kukan mutane iri biyu ne. Mai lambu a bakin kogi ya ce kogi ya janye, mai zama a tudu ya ce rijiya ta ƙafe, kowa yana tsammani wahalarsa dabam ce da ta ɗan'uwansa. Abin da wannan takarda take so ku gane shi ne, ruwan nan biyu asalinsu ɗaya. Wanda ya tare kogi ya tare rijiya, wanda kuma ya kwashe ruwan ƙarƙashin ƙasa ya cuci maƙwabcinsa, ko da bai taka gonarsa ba. Saboda haka tilas a tattala su tare, kuma aikin nan na dukan gari ne.

INDA RUWAN RIJIYA YAKE FITOWA

A ƙasarmu ta arewa damina gajeriya ce, wata uku ko huɗu. Ruwan da ya zuba a kan jigawa, yawancinsa rana ce take shanyewa, ko kuwa tsire-tsire su zuƙe shi, kaɗan ne yake kaiwa can ƙasa. Amma sa'ad da kogi ya cika ya malale cikin fadama, ya kwanta wata biyu ko uku, sai ruwa ya yi ta nutsewa cikin rairayi a hankali, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa har ya kai rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da gaɓa. Watau ƙasar fadama kamar babbar randa ce, ambaliya ce take cika ta kowace shekara, rijiya kuwa moɗa ce kurum da ake ɗiba da ita. In ba a zuba wa randa ruwa ba, ƙara yawan moɗa ba ya kashe ƙishirwa.

Fari ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu sun sha yunwar da ake kira Kakalaba a 1913 da 1914, iyayenmu sun ga farin 1972 da 1973, da kuma na 1983 da 1984. Amma akwai abin da ya sake. A dā, in ruwan sama ya dawo, kogi yakan dawo da cikarsa. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Masu awo sun ce a 1969 ambaliya ta rufe kimanin murabba'in mil 900 a fadamun Haɗeja da Nguru, amma a 1993 ba ta kai 200 ba.

Kada a ce muna zagin madatsa. Da ruwanta birnin Kano yake sha, da shi kuma ake noman shinkafa da alkama da tumatir a Kura da Kadawa, mutane dubbai suna ci daga nan. Inda muke da magana shi ne yadda ake sakin ruwan. Kogin da aka sani yana cika da damina ya bushe da rani, sai ya zama yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar nan kacala daɗi, gama ita ba ta son ƙasa ta bushe. Ta yaɗu, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa ya karkata ya bi ta Marma zuwa Nguru, ya cinye gonaki, alhali kuwa mutanen da ke bakin Burum Gana suna neman na ban-ruwa ba su samu. Ga shi kuma jan-baki ya sami wurin kwana a cikinta, yana fitowa ya ci gero da shinkafa. Ashe ruwa yana iya yawa a wani gari ya yi ƙaranci a wani, duk a shekara ɗaya.

JIGO DA INJI

Ba a kan madatsa kaɗai laifi ya tsaya ba, mu ma muna da namu rabo. Mai jigo ƙarfinsa yake sayarwa, in ya gaji ya huta, rijiya kuma ta huta ta sake tara ruwa. Tun daga shekarun 1980 injin ban-ruwa da rijiyar bututu suka cika fadamu. Alheri ne babba, gama mutum ɗaya yana noma abin da goma suke nomawa a dā. Amma inji ba ya gajiya, in dai da mai. Idan mutum ashirin suka kafa bututu kusa da juna suka tayar da inji lokaci ɗaya, ruwa yakan sauka, mai gajeren bututu ya fara rasawa, sa'an nan rijiyar gari ta bi baya, mata su koma tafiya mai nisa da tulu. Mai kuɗi ya ƙara zurfi, talaka ya bar lambunsa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ƙasar Barno, wadda kogin namu yake ratsawa kafin ya faɗa tabkin Cadi, an haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi daga ƙarshen shekarun 1950, ruwa yana ɓulɓulowa da kansa ba inji. Da yawa daga cikinsu aka bar su a buɗe dare da rana, ruwa yana zuba banza. Ƙarfin ruwan ya yi ta raguwa shekara da shekaru, har waɗansu suka daina fitarwa. Ruwan nan kuwa tsohon ajiya ne na shekaru dubbai, damina ɗaya ba ta mayar da shi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. A auna rijiya. Kowane dagaci ya zaɓi rijiya biyu ko uku, ya sa yaro mai karatu ya zura igiya mai ƙulli ƙafa-ƙafa da sassafe, tun ba a fara ɗiba ba, ran ɗaya ga kowane wata. A rubuta a littafi. Bayan shekara biyu ko uku gari zai san ko randarsa tana cika ko tana raguwa.

2. A yanke girman lambu bisa ga ambaliya. Da kaka, in an ga ruwa bai hau fadama sosai ba, dagaci da sarkin noma su tara masu lambu tun ba a yi fangali ba, a rage fili. Gwamma eka ɗaya ta nuna da eka uku su bushe a bazara. Shekara irin wannan a rage alkama da shinkafar rani, a ƙara wake da kankana a inda ƙasa take riƙe laima.

3. A yi ban-ruwa bi da bi. Unguwa kaza yau, unguwa kaza gobe, da safe ko da yamma, ban da tsakar rana. A rufe gindin shuka da kara ko ƙaiƙayi. Kada kowa ya kafa sabon bututu sai da sanin mai gari, kuma kada a yarda da shi kusa da rijiyar sha.

4. A tare ruwan sama inda ya faɗi. Manoman Illela a ƙasar Tawa ta Nijar sun rayar da feƙo da ƙananan ramuka da suke kira tassa: a haƙa da rani, a zuba taki, ruwa ya taru ciki ya nutse maimakon ya gudu da ƙasa. Haka kuma jera duwatsu a gicciye cikin kwazazzabo yana rage gudun ruwa.

5. A yi gayyar kacala. Ƙauye ɗaya ba ya iya buɗe hanyar ruwa, sai dukan ƙauyukan da ke bakinta sun fito tare. A yanke ta a ƙarƙashin ruwa domin ta ruɓe, kuma a maimaita kowace shekara.

6. A bar wa shanu mashaya da burtali. Yawancin faɗan manomi da makiyayi da rani daga nan yake tasowa, wurin da aka kewaye bakin ruwa da lambu.

GA HAKIMAI DA DAGATAI

Sauran magana taku ce. Madatsun nan suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Abin da ya dace ku roƙa shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina, a lokacin da aka sanar tun da wuri, domin fadama ta sha, sa'an nan a rage da rani gwargwadon yadda kacala za ta bushe ba tare da an hana kowa na sha ba. Wani zai ce, wa zai saurari dagacin ƙauye? To, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Dagacin da ya zo da kuka kawai, sai a ba shi haƙuri. Amma in dagatai hamsin suka zo tare, kowa da littafin awon rijiyarsa na shekara uku, maganarsu tana da nauyi, gama sun zo da shaida.

Kada ku jira sai fari ya dawo, gama lalle zai dawo. Ku karanta wa jama'arku wannan takarda a dandali, ku nemi igiya da littafi tun watan nan bai mutu ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.