Kada Mu Raina Fumfuna

'Yan uwana ɗalibai, idan fumfuna ta fito a kan burodi ko tuwon jiya, sai mu yi tsaki mu zubar. Zubarwa daidai ne, amma kada mu raina ta.

Wasu magunguna, kamar insulin na masu ciwon suga, furotin ne da ake sa ƙananan halittu su samar. Wahalar ita ce tace shi daga tarkacen da ya cakuɗa da su, kuma tacewar tana cin kuɗi sosai.

Fumfuna tana da wani ɗan furotin mai suna haidurofobin, wanda gefensa ɗaya ba ya shiri da ruwa. Masana a ƙasar Finlan sun liƙa shi a jikin furotin da suke nema, suka zuba sinadari dangin sabulu. Sai ruwan ya rabu gida biyu, haidurofobin ya ja furotin ɗin zuwa ɓangaren sabulun. An tace ke nan, ba tare da na'ura mai tsada ba.

A ra'ayina, gwamnatoci su zuba kuɗi a irin wannan bincike, domin maganin da talaka ya kasa saya bai yi masa rana ba. Mu tuna, ko penisilin ma daga fumfuna aka gano shi a 1928.