A Rufe Ƙwarzanen Babur Kafin Ruwa Ya Sauka

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu na wajen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suna da babur ɗaya ko biyu na tarayya. Shi ne ke ɗauko taki, shi ne ke kai hatsi kasuwa, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti. A taron wata akan yi lissafin mai da taya da bakin mai, amma in wani ya ce fenti ya ɓare a gindin tanki, sai a yi dariya, a ce wannan zancen samari ne. Ni kam ina ganin lalle ne a sa shi cikin lissafi.

Ƙarfen tankin babur ba shi da kauri. Fentin nan shi ne ya raba shi da ruwa da iska. Tsakuwar da taya ke watsowa a hanyar Ƙaura zuwa Zurmi takan ɓare wuri kamar ƙwayar dawa, da rani ba a ganin kome, amma da damina ta kama tsatsa sai ta shiga, ta riƙa ci ta ƙarƙashin fentin da ke kewaye har ya kumbura. Mafi muni shi ne takin zamani. Buhun yuriya da aka ɗaura a baya, in ya ɗan zube ya haɗu da laima, yana cin ƙarfe fiye da ruwa kaɗai. Ku duba wurin ɗaura kaya na baburanku, za ku gani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 1shekarar 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya. Wanda ke hannu shi za mu riƙe.

Aikin ba wuya. A wanke wurin da garin sabulu, a bari ya bushe sarai. A goge tsatsar da sanfefa mai laushi har farin ƙarfe ya bayyana, kada a faɗaɗa wurin. Kana a ɗiga jan fentin nan mai hana tsatsa, irin wanda masu walda ke shafa wa ƙofofin ƙarfe, a bar shi ya kwana. Sa'an nan fentin launi, da tsinken ashana ko gashin kaza, kaɗan kaɗan, sau biyu ko uku, ana jira kowane ya bushe. Mai gaggawa yakan lafta shi gaba ɗaya, ya tsiyaye, ya bar tabon da ya fi na dā muni. Kada a yi ranar da hunturu ya taso da ƙura, gama za ta manne. Ga tanki kuwa, a gaya wa mai sayarwa ana son wanda fetur ba ya narkarwa, a kuma ba shi kwanaki kafin mai ya taɓa shi.

Dacewar launi ita ce ke ba mutane wahala. Ranar ƙasarmu takan koɗar da fenti, ja musamman, saboda haka jan da Bajaj ko Jincheng ya fito da shi daga kamfani ba shi ne ke jikinsa bayan shekara uku ba. Kada ka faɗi sunan launi da baki kawai. Kwance murfin gefe, ka kai wa mai haɗa fenti a Ƙaura ko Gusau, ya gwada a fili cikin hasken rana. A ɗiga a wurin da ba a gani, a jira, domin launin ɗanyen fenti dabam yake da na busasshe. In ya ɗan saɓa, ba laifi, tsatsa ba ruwanta da launi.

Abin da nake ƙi ƙwarai shi ne shawarar da wasu ke kawowa, wai tun da ba za a sami daidai ba, a fesa wa babur duka sabon launi. Ban da tsada, akwai hatsari. Takardun babur suna ɗauke da launinsa da lambar inji da lambar ƙashinsa. Dukanmu mun san yadda hukuma ta sa wa babura ido a Zamfara saboda ɓarayin daji, har a watan Satumba na 2021 aka rufe kasuwannin mako, aka ƙayyade lokacin hawan babur. Yaron da ya isa shingen bincike a kan shuɗin babur alhali takarda ta ce ja, ko kuwa an toshe lambar ƙashin da fenti, yana da doguwar magana a gabansa, gama ɓarawon babur ma abin da yakan fara yi ke nan. A bar launin yadda yake a takarda, kada sanfefa ta kusanci lambobin nan.

Wani abu kuma game da yara. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Daga garin dutsen zinariya ta fito, amma akwai fentin da ake sa wa dalma, ido kuwa ba ya rarrabewa. A yi gugar a waje, nesa da madafa, a share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannu kafin cin tuwo. Gwangwanin da ya ƙare kada ya zama moɗa.

Ina ba kowace ƙungiya shawara ta sa mutum ɗaya ya duba babur cikin watan Afrilu, ya leƙa gindin tanki, da ƙarƙashin wurin zama, da wurin ɗaura kaya. Ma'aji ya rubuta ƙaramin gwangwani biyu da sanfefa cikin littafi tare da kuɗin bakin mai.